Yadda Ake Nemo Kayan Gyaran Tsofaffin Kayan Lantarki Idan Ana Sabunta Gida

Gidajen da aka gina tun zamanin ECN, hukumar wutar lantarki ta kafin NEPA, ko a shekarun farko na NEPA bayan kafa ta a 1972, irin na tsofaffin unguwannin GRA da kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa da gidajen malaman jami'a, kusan duk an yi musu wayarin ne bisa tsarin Ingila na wancan lokaci. Shi ya sa idan aka tashi sabunta irin wannan gida ake cin karo da soket mai zagayayyun ramuka, da akwatin fis na tangaran, da fanka mai nauyi wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Mai gida sai ya rasa ta inda zai fara: ya watsar da komai, ko ya shiga kasuwa nema? Wasu kayan sun fi na yanzu inganci nesa ba kusa ba, abin da ya lalace a cikinsu ɗan ƙarami ne. Wasu kuma ko kyauta aka ba ka kayan gyaransu bai kamata su koma bango ba. Kuma kayan gyara ba da sunan kamfani ko kamanni ake nemansa ba, da lamba da awo ake nemansa.

Kafin a taɓa komai

A kashe babban makunnin gida, sannan a tuna cewa gidajenmu ba hanyar wuta ɗaya ce da su ba. A kashe janareta, a kashe inbata idan akwai sola, a ajiye hannun canji a tsakiya. Gidan da ke da layi uku, a tabbatar duk ukun an yanke. Sannan a gwada kowace waya da mita, ba da ɗan sukudireban nan mai fitila kaɗai ba, domin yakan yi haske inda babu wuta, yakan kuma yi shiru inda take. A tsohon gida sau da yawa za a tarar wani ya taɓa juya wayoyi, makunni yana yanke nutural maimakon layif, fitila a kashe amma wuta na zaune a mariƙin ƙwan.

Mitar kamfani da katawut ɗin da ke da hatimi, wato babban fis ɗin da wuta ke shigowa gida ta cikinsa, ba na mai gida ba ne. Idan su ne suka tsufa, ofishin kamfanin rarraba wuta na yankin ake zuwa. Duk aikin da ya shafi cikin akwatin rarraba wuta ko sauya waya kuwa na mai wayarin ne wanda ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki. Aikin mai gida shi ne ya san abin da zai sayo, kada a sayar masa da abin da ba shi ba.

Ɗaukar bayanin abin da ake nema

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, a ɗauki hoto da waya: gaban abin, bayansa, da yadda wayoyi suka shiga. A manna ɗan salatif a kowace waya a rubuta inda ta fito. Sannan a nemi ɗan farantin ƙarfe ko takardar da ke jikin na'urar. A fanka yana saman kai, a hita yana ƙarƙashi kusa da murfin roba, a kuka, wato murhun girki na lantarki, yana baya. Idan fenti ya rufe shi, a goge a hankali da tsumma da ɗan kananzir, kada a kankare da wuƙa, rubutun zai tafi. Abin da za a kwafe: bolt, wat ko amfiya, 50Hz, lambar samfuri, da duk wata lamba da ke farawa da BS, wato lambar ƙa'idar Ingila.

Sai awo. Tef da ɗan ma'aunin kauri irin na makanikai sun isa. A auna nisan da ke tsakanin ramukan sukuru, zurfin akwatin bango, kaurin sandar da boris ke hawa. A rubuta da milimita. Daga nan a saka tsohon abin a leda tare da sukurorinsa a tafi da shi kasuwa. Hoto na taimakawa, amma ba ya kai a ɗora tsoho da sabo a kan kanta a haɗa su baki da baki.

Abin da ba a nema masa kayan gyara

Waya mai rigar roba baƙa ko mai saƙar zare, irin wadda aka yi amfani da ita kafin zuwan PVC. Ana gane ta da zarar an buɗe soket: a ɗan lanƙwasa ta da yatsa, rigar ta farfashe ta zubo kamar gawayi, jan ƙarfen ya fito tsirara. Wannan ba ta da gyara, zare ta ake yi gaba ɗaya. Haka wayar PVC ta ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 wadda ke fitar da wani koren maiƙo mai danƙo a bakin soket. Idan ana shakka, mai wayarin ya gwada layin da mega, na'urar auna ingancin rigar waya, a kan bolt 500. Abin da ya gaza megom 1 ya faɗi.

Akwatin fis mai bayan katako, ko wanda ya yi baƙi a ciki, shi ma a bar shi ya huta. A wasu tsofaffin mariƙan fis na tangaran akwai wani farin ƙyalle a ƙarƙashin wayar. Sau da yawa asbestos ne, ƙurarsa na cutar da huhu, don haka kada a hure shi ko a goge shi, a ƙulle a leda.

Akwatin fis

Wanda aka fi samu shi ne na Wylex ko MEM, mai mariƙan da ake zarewa a ɗaura musu siririyar waya. A na Wylex launin ɗigon da ke jikin mariƙin ne ke faɗin ƙarfinsa: fari amfiya 5, shuɗi 15, rawaya 20, ja 30, kore 45. Wayar fis ɗin tana zuwa a naɗe a ɗan kati, 5 da 15 da 30. Idan ta ƙare mutane kan warware zaren wayar lantarki su ɗaura biyu ko uku. Nan gobara ke farawa, domin fis ɗin da ba ya tsinkewa ya bar wayar bango ce za ta yi zafin a madadinsa. A duba kowane mariƙi, za a sha mamakin abin da za a tarar a ciki.

Akwai bireka da aka ƙera don shiga gurbin mariƙin Wylex kai tsaye, mai amfiya 6 da 16 da 20 da 32, kowace da nata gindin. Idan an samu ta asali, za ta riƙe gida na ɗan lokaci. Amma tunda dai gyaran gida ake yi, an riga an fasa bango, ya fi a sa sabon akwati mai bireka da kuma RCD mai 30mA. Fis da bireka waya suke karewa. RCD ita ke yanke wuta idan ta bi ta jikin mutum, kuma tsohon akwati ba shi da wurin saka ta.

Ƙarfin bireka kaurin waya yake bi, ba yawan kayan da ake son kunnawa ba. Layin fitilu mai waya 1.5mm², bireka mai amfiya 6 ko 10. Layin soket mai waya 2.5 da ya tafi bai dawo ba, 20. Wanda ya zagaya ya dawo akwati, 32, amma sai an gwada an tabbatar zagayen bai yanke ba, domin a tsohon gida yakan yanke a wani soket da aka taɓa cirewa. Kuka, waya 6 da bireka 32. Tsofaffin wayoyi da awon inci suke: 3/.029 ta kusa 1.3, ita ce ta fitilu, 7/.029 ta kusa 2.9, ita ce ta soket, 7/.044 kuma ta kusa 6.8. Kada a cusa birekar wani kamfani a akwatin wani. Duk da faɗinsu ɗaya ne, kusan milimita 18, tsayin bakin da ke kama sandar jan ƙarfe yakan bambanta, sai ta zauna a karkace ta riƙa zafi.

Soket da makunni

Soket mai zagayayyun ramuka uku BS 546 ne, ƙarami amfiya 5, babba amfiya 15. Babban har yanzu yana kasuwa sabo fil domin ana sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin kuwa babu dalilin wahalar nemansa, a mayar da shi mai ramuka masu kusurwa, BS 1363 na amfiya 13. Sai dai a lura: soket ɗin amfiya 5 sau da yawa daga layin fitilu aka ja masa siririyar waya. Idan aka sauya fuskar kawai, wani ya zo ya jona dutsen guga ko ketil, wayar ce za ta narke a cikin bango. Ko dai a ja sabuwar waya 2.5, ko a toshe gurbin.

Akwatin bango na yanzu nisan ramukan sukurunsa milimita 60.3 ne a mai gurbi ɗaya, 120.6 a mai gurbi biyu. A auna na tsohon kafin a sayi fuska. Idan awon ya yi daidai amma sabon sukuru ya ƙi shiga, zaren ne daban: tsohon 4BA ne, sabon M3.5. Kada a matsa da ƙarfi. Ko a yi amfani da tsofaffin sukurorin, shi ya sa ba a zubar da su, ko a sake yanka zaren da ɗan mayankin M3.5. Zurfi ma yana kawo cikas. Tsohon akwatin makunni kan kasance milimita 16, soket na son 25, mai wurin cajin waya na son 35, makunnin kuka 47.

Launin waya: a tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutural, kore na ƙasa. A sabon tsarin da Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006, ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. A kasuwarmu duka biyun suna nan. Haɗarin yana gidan layi uku, inda shuɗi a da layif ne, yanzu kuma nutural, baƙi a da nutural, yanzu kuma layif. A gwada, kada a bi launi. Kuma a duba ko akwai wayar ƙasa a layin fitilu, domin da yawa babu. Inda babu, kada a sa makunni ko fitila mai jikin ƙarfe.

Fanka, wadda ta fi komai cancantar gyara

Tsohuwar fankar silin irin su KDK, SMC ko Usha, mai kwayil na jan ƙarfe zalla da kai mai nauyi, takan fi sabuwa mai arha ƙarko. Abubuwa huɗu ne ke lalacewa a cikinta, kuma ukunsu ba su da alaƙa da sunan kamfani.

Idan tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta da sanda, ko tana juyi a sanyaye alhali wuta na da ƙarfi, kafasita ce. Tana sama, cikin murfin da ke rufe sandar. A karanta abin da ke jikinta: yawanci tsakanin 2 da 3.5µF, 2.5 ce ta fi yawa, da bolt 400 ko 450. A sayi mai µF daidai da tsohuwar. Bolt ɗin zai iya fin na da, amma kada ya gaza. Masu shago kan ce a sa babba, 4 ko 5, fanka ta yi gudu. Za ta yi gudun kuwa, amma kwayil ɗin zai riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin a taɓa ƙafafun tsohuwar kafasita a haɗa su da bakin sukudireba mai mariƙin roba don ta sauke abin da ta riƙe. Wadda ke cikin gwangwani mai yoyon mai, ta kafin shekarun 1980, kada man ya taɓa fata.

Idan ƙara take kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Akwai biyu, sama da ƙasa, lambarsu na buge a gefe. 6201 ramin cikinsa milimita 12 ne, wajensa 32. 6202 kuwa 15 da 35. 6203 shi ne 17 da 40. Idan lambar ta goge, a auna. A nemi mai ZZ ko 2RS a ƙarshen lamba, wato rufaffe, saboda ƙurar hunturu. Wannan ba lalle a shagon lantarki ba, masu sayar da kayan babur da injin ban ruwa sun fi samunsa mai kyau. Wajen sawa a buga a kan zoben da ke shiga da matsi kaɗai, da guntun bututu, ba a kan murfin ba.

Regileta ta da, babbar nan mai ramukan shan iska, idan ta mutu kowace regileta ta fanka mai daidai wat za ta yi. Mai lamba 1 zuwa 5 da ke ƙas-ƙas idan ana murɗawa ta fi mai sulɓi, domin mai sulɓin kan sa fanka gurnani, musamman a kan inbata. Abin rage hasken fitila ba regileta ba ne ko da sun yi kama.

Na huɗu shi ne kwayil. Idan ana jin ƙaurin ƙuna, sai wurin mai riwaya. A ce masa a fili jan ƙarfe ake so, a ga wayar kafin ya naɗa, kuma ya auna kaurin tsohuwar ya ƙirga naɗin. Fukafukai kuwa saiti ne. Idan ɗaya ya lanƙwashe a nemi ukun daga fanka irinta wurin masu tsofaffi, domin baƙon fiffike ɗaya zai sa ta rawa. Kafin a mayar da ita sama a sauya robar ƙugiya da notin sanda da ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa. Kuɗinsu kaɗan ne, su ne kuma ke riƙe da fankar a kan mutane.

Doguwar fitila da ƙwai

Doguwar fitila mai ƙafa 4, wato milimita 1200, ko mai kauri ce ta da ko siririya, bakinsu ɗaya ne, G13. Idan tana ƙyaftawa ba ta kamawa, sitata ce, S10 ga doguwa, S2 ga gajera. Amma neman cok da sitata yanzu ɓata lokaci ne, ga shi ba sa kamawa idan wuta ta yi ƙasa. A bar gidan fitilar idan ƙarfensa na da kyau, a cire cok da sitata, a sa doguwar LED. A tambayi mai shago ko wuta ta baki ɗaya take shiga ko ta biyu, domin haɗin ya bambanta, kuskure kuma na kawo tartsatsi. Tsohuwar kada a fasa ta a tsakar gida, akwai zaiba a ciki. Mariƙin ƙwai iri biyu ne, mai fil B22 da mai murɗi E27. Wanda ya yi baƙi ko yake farfashewa a sauya shi kawai.

Hita da kuka

A hitar wanka abin da ke mutuwa elimen ne ko tamostat. A cire waya a auna elimen da mita: mai wat 1500 zai nuna kusan om 35, mai wat 3000 kusan 18. Idan mita ba ta motsa ba, ya yanke. Idan akwai haɗi tsakanin ƙafarsa da jikinsa, shi ne mai jan mutane a banɗaki. A tafi da tsohon, domin wani da zare yake shiga, wani da faranti mai notuna, tsayinsu ma ya bambanta. A sayo sabuwar robar baki tare da shi. Tankin da ya fara yoyo ta jiki ya gama aiki. Farantin kuka da faɗinsa ake saye, milimita 145 ko 180, sannan a ƙirga ƙafafun da ke ƙarƙashi su yi daidai da na makunnin.

Inda ake nema, da yadda ake saye

A fara daga cikin gidan kansa. Ɗakin da za a rushe ko sito na baya na ɗauke da soket da sukuru da mariƙan fis irin waɗanda ake nema. A hana leburori tattara su ga 'yan jari-bola kafin a tantance. Sai tsofaffin masu wayarin da masu gyaran fanka na unguwa, su ke da buhunan kayan da aka kwance, su kuma suka san wane sabo ne ke shiga gurbin wane tsoho. Daga nan kasuwa: Sabon Gari da Faransa Rod a Kano don sabo, Ƙofar Ruwa don kayan gini da na kwance, Panteka a Kaduna, Dei-Dei a Abuja. Abin da ya gagara, manyan 'yan kasuwar kan sa a turo daga Alaba a Legas. A intanet kuwa lambar samfuri ake bugawa tare da sunan kamfani, a haɗa kuɗin turowa kafin a yanke shawara.

A shago kada a ce, "Ina neman abin fanka." A ajiye tsohon a kan kanta a ce, "Alhaji, kafasita 2.5 nake so mai 450, ga irinta." Idan aka ce maka, "Maigida, wannan ma zai yi, duk ɗaya ne," a nemi a ga lambar. A yi yarjejeniyar dawowa idan bai shiga ba, a karɓi rasit.

Na kwance yana da kyau a fukafukai, gidan fitila, hannun murɗa kuka, murfi. Bireka, RCD, kafasita da waya kuwa sabo ake saye, domin ba a gane gajiyarsu da ido. Kayan da aka shigo da su daga Amurka masu bolt 120 da 60Hz, elimen ko tamostat ɗinsu ba zai yi a wutarmu ta 230 ba. A garuruwan kan iyaka ana samun kayan tsarin Faransa da ake amfani da su a Nijar, masu akwatin bango zagayayye, waɗanda ba sa zama a namu mai kusurwa huɗu.

Jabu ya fi yawa a waya. A kankare bakinta da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. A kara mata ashana, jabu sai ta lanƙwashe ta yi laushi, ta gaske ta yi ja ta tsaya. Waya 2.5 mai zare ɗaya kaurin jan ƙarfenta milimita 1.78 ne, 1.5 kuma 1.38, duk wadda ta gaza an rage mata. A duba sunan kamfani da tambarin inganci na NIS a jikin rigar, irin na Nigerchin, Cutix, Coleman ko Nocaco, amma a auna duk da haka, domin ana buga sunayen a jikin jabu. Soket na kirki yana da nauyi a hannu, ramukansa na da ƙofar da ke rufewa, sukurorin bayansa farin ƙarfe ko tagulla ne masu kauri.

Bayan an haɗa, a matse kowane sukuru a ja wayar a ji ba ta motsi, domin sako-sakon haɗi ne ke ƙona soket fiye da yawan kaya. A kunna layi ɗaya bayan ɗaya, a bar shi da kaya a kai na rabin awa, sannan a ɗora bayan hannu a fuskar soket da bireka. Ɗumi kaɗan ba komai. Zafi ko wari irin na kifi alama ce roba na narkewa, a kashe a sake buɗewa. A danna maɓallin gwaji na RCD a ga ta faɗi. Lambobin boris da kafasita da elimen da aka saya kuma a rubuta su a takarda a manna cikin murfin akwatin rarraba wuta, tare da sunan ɗakin da kowace bireka ke riƙe da shi.